Takarda, Fensir da Gawayi: Zaɓen Kayan Koyon Zanen Siffar Mutum

Ɗalibin da ya zauna a makarantar sakandare a Kazaure ko Babura domin ya zana abokinsa da ke tsaye a gaban aji yakan ɗora laifin munin zanen a kan hannunsa. Sau da yawa kuwa laifin na kayan aiki ne. Takardar da aka yago daga littafin rubutu da fensirin da aka saya domin lissafi ba a yi su don wannan aiki ba, kuma akwai dalilai na kimiyya da suka sa haka.

Ana yin takarda ne da zaruruwan tsirrai da ake kira selulos. Idan aka duba fuskarta da madubin ƙara girman abu, za a ga ba sumul take ba, tana da tuddai da kwaruruka. Wannan kaushi shi ne ke kankare bakin fensir ko gawayi, ya riƙe garin da ya zuba. Takarda mai sheƙi, irin ta kalanda, an shafe kwarurukanta da farar ƙasa ko alli, saboda haka gawayi zamewa yake yi a kanta. Malami zai iya gane wannan da yatsa: takardar da ta ɗan ja fata idan an shafa ta, ita ce mai karɓar zane.

Abu na biyu shi ne nauyi. Ana auna takarda da giram nawa murabba'in mita ɗaya nata yake yi. Takardar A0 murabba'in mita ɗaya ce, A4 kuma kashi ɗaya ce cikin 16 nata. Don haka falle ɗaya na takardar hoto mai lamba 80 giram 5 ne, ƙunshi mai falle 500 kuma kilo biyu da rabi. Takardar jarida ba ta cika kai giram 50 ba, yayin da takardar zane ta ainihi takan fara daga wajen giram 120 zuwa sama. Mai nauyi ta fi jure gogewa. Marar nauyi da an goge ta sau biyu ko uku sai ta huje.

A nan ne ɗalibai da yawa ke yin kuskure, su tara kuɗi su sayi takarda mai tsada tun ranar farko. Mai koyon zanen mutum yana bukatar yawa fiye da kyau. Dole ne ya yi zane-zane na gaggawa, na minti ɗaya ko biyu, yana kama tsayuwar mai tallan rake, ko sunkuyawar manomi a Gwiwa, ko yadda babbar riga ke ninkewa a kafaɗar dattijo. Wanda ya san falle ɗaya ya ci masa kuɗin karin kumallo, hannunsa zai riƙa rawa, ya kasa sakin layi. Takardar jarida wadda ba a buga komai a kanta ba ita ce ta dace da irin wannan atisaye, kuma akan sami ragowarta da araha a wuraren ɗab'i na Kano. Bayan takardun jarrabawa da aka gama da su ma yana aiki. Aibin takardar jarida ɗaya ne: ba a cire mata liginin ba, wato sinadarin da ke ƙarfafa itace, wanda haske da iska ke mayarwa rawaya. Falle da aka bari a bakin taga zai sauya launi cikin 'yan kwanaki. Zanen da ake so a ajiye ko a gabatar wa mai jarrabawa, a yi shi a kan mai nauyi.

Girman takarda ma yana da muhimmanci. Tsawon baligi yakan kai kimanin ninki bakwai da rabi na tsawon kansa. Idan aka zana mutum mai santimita 26 a kan A4, kansa bai kai santimita uku da rabi cikakku ba, kuma a cikin wannan ɗan fili ake son ido da hanci da baki. A kan A2 kan zai kusan santimita 7. Babbar takarda tana kuma tilasta wa ɗalibi ya motsa hannu daga kafaɗa, maimakon ya ƙanƙame fensir kamar mai rubuta wasiƙa. A maƙala ta a jikin falankin katako, a jingine shi, domin zane a kan tebur a kwance yakan sa siffar ta fito da tsawo fiye da kima.

Game da fensir, babu darma a cikinsa ko kaɗan, duk da abin da ake yawan faɗa. Abin da ke ciki girafayit ne, wani nau'in kabon da ke shimfiɗe falle-falle, masu zamewa a kan juna. A shekarar 1795 wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya gano cewa idan aka cuɗa garin girafayit da yumɓu aka gasa, ana iya sarrafa taurinsa. Yumɓu da yawa yana ba da fensir mai tauri, mai lamba H. Girafayit da yawa yana ba da mai laushi da baƙi, mai lamba B. Fensirin H na masu zanen gine-gine ne, kuma yana huda layi a takarda wanda kilina ba ta iya fitarwa. Mai zanen mutum 2B da 4B sun ishe shi. A fiƙe su da reza, a bar bakin da tsawo, don a iya kwantar da shi a yi inuwa.

Gawayi shi ma kabon ne, sai dai ba ya sheƙi, kuma ana iya ɗauke shi da tsumma. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin almajirai sun daɗe suna haɗa tawadar allo da gawayi da ƙaro. A Turai da rassan inabi da wata bishiya ta bakin ruwa ake yin gawayin zane, amma ajin kimiyya a Roni zai iya yin nasa. A yanko siraran rassa busassu masu kaurin fensir, a ɓare bawonsu, a jera su cikin gwangwani mai murfi, a huda ƙaramin rami ɗaya a murfin, a sa cikin wuta. Da yake iska ba ta shiga, itacen ba zai zama toka ba. Ruwa da hayaƙi za su fice ta ramin, kabon ya rage. Idan hayaƙi ya daina fita, a janye gwangwanin, kada a buɗe sai ya huce. Itatuwa sun bambanta wajen laushi, don haka yana da kyau a gwada iri uku ko huɗu, a rubuta sakamako. Takarda mai ruwan ƙasa, irin ta manyan ambulan, tana dacewa da gawayi ƙwarai: gawayi ya yi inuwa, allin aji ya yi haske, launin takardar kuma ya tsaya a tsakani, abin da ke taimakawa wajen nuna hasken rana a kan baƙar fata.

Wahalar samun takarda ba yau ta fara ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, takardar da ya tarar a kasuwa daga Turai take, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya, a biyo da ita ta Tarabulus a ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Malaman wancan zamani a cikin gafaka ta fata suke adana ta, kuma suna da hujja. Zaren takarda yana shan laima: da damina takan kumbura ta yi laushi, da hunturu ta bushe ta naɗe, ga ƙura, ga gara. A ajiye zane a kwance tsakanin kwali biyu, a saman kanta, nesa da bangon ƙasa, a kuma sa falle marar komai a kan kowane zanen gawayi don kada ya shafi na kusa da shi.