Fatimar da Ke Jikin Allon Coci Sunan Gari Ne

Karo na uku ke nan cikin shekara guda da saƙon nan yake faɗowa zauren WhatsApp na danginmu. Hoton allon wata majami'a ne, an zagaye kalmar Fatima da jan layi, sai muryar wani yana haki yana cewa wai Kiristoci sun ɗauki sunan 'yar Manzon Allah sun liƙa wa wurin ibadarsu don cin fuska. A karon baya labarin dabam ne: wai Nana Faɗima ce da kanta ta bayyana ga wasu yara a Turai, Fafaroma ya binne maganar. Ɗan ƙanwata ne ya turo na ƙarshen. Na kira shi na ce, "Kai yaro, ka san ina ne Fatimar nan?" Ya ce, "Wallahi Kawu, ni ma turo min aka yi." To ka ji fa.

Fatima gari ne a ƙasar Fotugal, kimanin kilomita 130 arewa da Lisbon. 'Yan Katolika suna da al'adar jingina sunan Maryam, mahaifiyar Annabi Isa, ga wurin da suka yi imani ta bayyana. Akwai ta Lourdes a Faransa, akwai ta Guadalupe a Meziko. Saboda haka sunan babbar majami'ar Katolika ta Kano, da takwararta ta Jos, mai ɗauke da kalmar Fatima, ma'anarsa Uwargijiyarmu ta garin Fatima, wato Maryam. Idan aka ce Shehun Borno, akwai mai cewa sunan Shehun ne Borno?

Mai gardama zai ce to ina garin Turawa ya samo sunan? Musulmi sun tsallaka Andalus a shekarar 711, suka mulki yankin ɗaruruwan shekaru. Sai 1147 Lisbon ta fita daga hannunsu, kudancin ƙasar kuwa sai 1249, kuma har gobe ana kiran wannan lardi Algarve, daga kalmar Larabci Algarbu, wato yamma. Mutanen yankin Fatima suna da labarin baka na wata 'yar sarki Musulma mai suna Fatima, wadda wani barde Kirista ya kama ya aura, wai daga gare ta ƙauyen ya sami suna. Ko labarin gaskiya ne ko tatsuniya, mace ce mai suna irin na Fati da Bintar gidanku. Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, a Madina ta rasu a shekarar 632, kusan shekara 80 kafin rundunar Musulmi ta taka Andalus.

Maganar bayyana kuwa ga yadda take. Ranar 13 ga Mayu 1917, yara uku masu kiwon tumaki, Lusiya da 'yan uwanta Faransisko da Jasinta, suka ce sun ga wata mace mai haske a wani fili da ake kira Cova da Iria. Suka ci gaba da ba da labarin ganinta wata-wata har 13 ga Oktoba, ranar da dubun-dubatar mutane suka yi cincirindo a wurin. Ƙananan biyun sun mutu a annobar murar da ta game duniya, ɗaya a 1919, ɗaya a 1920. Lusiya ta rayu har 2005, ta rubuta da hannunta abin da ta ce ta gani, kuma Maryam take nufi. Me aka ɓoye a nan? Ko a cocin Katolika ma sai 1930 bishop ɗin yankin, na Leiria, ya amince da labarin bayan dogon bincike. Ba wanda ya ce sai ka gaskata. Amma kada ka sa wa mutane maganar da ba su faɗa ba a baki.

Ginin da aka yi a wurin ma shaida ne. An fara da 'yar ƙaramar majami'a a 1919, wadda masu adawa da coci daga cikin 'yan ƙasar suka tarwatsa da nakiya a Maris 1922, aka sake gina ta. A 1928 aka aza harsashin babbar majami'ar da farin dutsen yankin, bisa zanen Gerardus van Krieken, haifaffen ƙasar Holan, aka keɓe ta a 1953. Hasumiyarta ta kai mita 65, da kambin tagulla mai nauyin tan 7 a bisa, kuma zane-zanen bagadanta na gefe rayuwar Isa da Maryam suke nunawa. Da jama'a suka fi ƙarfinta, aka gina wata a ɗaya ƙarshen filin, zagayayya kamar faifai, faɗinta mita 125, mai ɗaukar kusan mutum 9,000, aka buɗe ta a 2007. Tsakanin biyun akwai wata siririyar hanya mai santsi inda za ka ga tsohuwa ta ɗaure tsumma a gwiwa tana rarrafe don cika alwashi, gefe guda kyandirori suna narkewa cikin wuta. A kambin mutum-mutumin Maryam an saka harsashin da aka harbi Fafaroma John Paul na Biyu da shi ranar 13 ga Mayu 1981. Duba duk inda za ka duba, sunan Maryam ne a wurin.

Akwai masu hura wutar nan don neman mabiya ko siyasa, wannan sananne ne. Ni da kai mai turawa nake magana. Idan hoto ya zo maka da jan layi da murya mai haki, ka fara tambayar kanka wa ya ɗauka, a ina, yaushe. Ka rubuta kalmar a intanet, minti biyu ya isa ka ga taswirar Fotugal. Kana da maƙwabci Kirista, ko abokin kasuwa a Sabon Gari, ka tambaye shi cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Idan abin ya shafi addini ka kai wa malamin da ka san ya yi karatu, kada ka kai wa zauren da kowa mai fatawa ne. Masu kula da zaure, ku goge irin wannan saƙo, ku faɗa wa wanda ya turo dalili. Iyaye, ku leƙa abin da yaranku suke yaɗawa. Kai kuma da ka riga ka tura, ka koma duk inda ka aika ka gyara, da sunanka, kamar yadda ka tura da sunanka. Ƴan uwa Kiristoci ma, idan aka tambaye ku, ku yi bayani ba tare da tsawa ba.

Mun sha ganin yadda jita-jitar cin zarafin addini take cinye rayuka da shaguna a garuruwanmu kafin a gano bakin zaren. Son Nana Faɗima bai yarda a yi ƙarya da sunanta ba, kuma Maryam ɗin da ake nufi tana da sura sukutum a Alƙur'ani, ta 19. Ɗan ƙanwar tawa ya goge saƙon a ranar, ya ba da haƙuri. Da na tambaye shi zaure nawa ya riga ya aika wa, ya yi shiru yana ƙirgawa da yatsu, ya ce huɗu. Magana zarar bunu ce. Na ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa musu Fatima gari ne a Fotugal.