Dokin da ba wanda ya taɓa gani: Yadda ake koyon zanen yunikon

Duk wanda ya leƙa littafin zanen yaran firamare a 'yan shekarun nan, da wuya ya rasa shi: farin doki mai ƙaho ɗaya a tsakiyar goshi, gezarsa launi-launi kamar bakan gizo. Turawa na kiransa yunikon. Yara sun san shi ta katun da jakunkunan makaranta da wayar salula, inda ya shiga jerin alamomin emoji a 2015.

Sai dai wannan dabba ba ta taɓa wanzuwa ba. To me mai koyon zana ta zai kalla?

Haɗe-haɗe ce tun asali

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani likita Bagirike mai suna Ctesias, wanda ya yi aiki a fadar Farisa, ya rubuta labarin jakin dajin Indiya mai ƙaho ɗaya. Shi kansa jin labarin ya yi daga bakin matafiya, kuma masana da yawa na ganin karkanda ake nufi. Daga baya matafiyi Marco Polo ya ga karkanda a tsibirin Sumatra, ya ɗauka yunikon ne, ya yi mamakin muninsa da yadda yake son kwanciya cikin taɓo.

Da yake babu abin kwaikwayo, masu zanen Turai sai suka aro gaɓoɓi daga dabbobin da suka sani: jikin doki, gemun bunsuru, rababben kofato irin na akuya da wutsiyar zaki. Haka yake a tambarin masarautar Birtaniya, inda yake tsaye tare da zaki tun 1603, shekarar da Sarki James na Sikotilan ya gaji sarautar Ingila.

Ƙahon ma aro ne. Haƙorin wata dabbar teku ce da ake kira narwal, mai rayuwa a ruwan ƙanƙara na can arewacin duniya. Haƙorin a murɗe yake, tsawonsa kan kai kusan mita 3. Sarakunan Turai sun riƙa sayensa da tsada da sunan ƙahon yunikon mai karya dafi, har a 1638 masanin Denmak Ole Worm ya nuna ainihin inda yake fitowa.

A fara da doki

Kuskuren da mai koyo ya fi yi shi ne farawa da ƙaho, domin shi ke ɗaukar ido. Alhali ƙaho ne mafi sauƙi, jikin dokin ne aikin.

Ana farawa da da'ira biyu da fensir, ba tare da dannawa ba: babba ta ƙirji, wata ta kuturi. A haɗa su da layin baya da na ciki. Sai ƙaramar da'ira ta muƙamuƙi da wata mafi ƙanƙanta ta hanci, su ba da kai. Masu zane kan yi awo da kan: tsawon jiki daga ƙirji zuwa kuturi ya kai kamar kai biyu da rabi. Ido kuma a gefen kai yake, ba a gaba irin na mutum ba.

Ƙafafu ne ke kayar da mutane. Gaɓar da ke tsakiyar ƙafar baya, wadda ake ɗauka gwiwa ce da ta juya baya, daidai take da diddigen mutum. Ainihin gwiwar tana sama, kusa da ciki. Wanda bai lura da haka ba, sai dokinsa ya fito kamar tebur.

Manyan masu zane ma sun daɗe suna tuntuɓe a nan. Sun riƙa zana doki mai sukuwa a iska da ƙafafu miƙe gaba da baya, har sai a 1878 da hotunan Eadweard Muybridge a Amurka suka nuna cewa lokacin da ƙafafun huɗu suka bar ƙasa, a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Ƙaho ya zo ƙarshe. Gindinsa na goshi, ɗan sama da idanu, ya tafi yana tsukewa. Murɗin kuwa gajerun layuka ne a karkace, masu ɗan lanƙwasa, suna ƙara matsowa kusa da juna zuwa tsini. Bayan haka a goge da'irorin, a sa geza da wutsiya, sannan launi.

Abin da yaro ke ƙaruwa da shi

Yaron da ke kwafar katun kawai, zanen wani yake maimaitawa. Wanda aka nuna wa doki na gaskiya kuwa yana koyon lura da awo da haƙuri, abubuwan da zai buƙata ko da gine-gine ko ɗinki ya nufa.

A nan yaran Kano da Katsina da Zariya da Damagaram ba su da matsalar Ctesias, domin dawakin hawan Sallah ta gabansu suke wucewa. Iyaye na iya ɗaukar hoton doki ɗaya daga gefe da waya, yaro ya zauna ya nemo da'irorin nan biyu a jikinsa, kafin ya ɗora masa ƙaho.