Ƙarfe Biyu Da Suka Hana Yayana Shan Iska

Ranar yawon Sallar bara muka tafi wani wurin shaƙatawa, ni da Yaya da ƙannenmu biyu. Yaya ya yi shan inna tun yana ɗan shekara uku, da keken guragu yake yawo. Mun biya kuɗin shiga har da nasa. Muna wuce mai tikiti sai ga ƙarafa biyu an kafa a bakin hanya don hana 'yan acaɓa shiga, kuma tsakaninsu bai kai faɗin kekensa ba. Bayan ƙarafan kuma yashi ne zalla. Ya dube mu ya ce, "Ku je kawai, zan jira ku a nan inuwa." Awa biyu ya yi kusa da mai sayar da ruwa. Wallahi har muka dawo gida ban iya haɗa ido da shi ba.

Shi ya sa da aka zo zaɓen furojet na kammala difloma a sashenmu na yawon buɗe ido, na ce a kan wannan matsalar zan yi. Malamin da ke duba aikina ya ce in fara karanta yadda ake yi a gandayen Ingila, don sun daɗe suna fama da ita. Ga abin da na fahimta.

A karkarar Ingila akwai manyan gidajen attajirai da masu sarauta na da, kowanne da gandunsa: filin ciyawa, tafki, kurmi, da hanyoyin yawo a ƙafa. Da yawa an tsara su ne a ƙarni na 18. Wani mai tsara lambuna, Lancelot Brown, wanda ya rasu a 1783, shi ya fi shahara a wannan aikin. Yau da yawa daga cikinsu suna hannun wata ƙungiya mai suna National Trust, wadda aka kafa a 1895, kuma jama'a na zuwa yawo. Misali Stourhead da ke yankin Wiltshire, mai babban tafki da hanyar da ta zagaye shi, an miƙa wa ƙungiyar a 1946.

To, waɗanda suka tsara wuraren nan mai doki da mai ƙafa biyu lafiyayyu suka sa a gaba. Kuma wurare ne na tarihi da doka ta kare, ba dama a zo a malale ko'ina da siminti. A cikin kurmi ma haƙa na lalata saiwar itatuwan da suka yi ɗaruruwan shekaru. Amma dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗora wa duk mai karɓar jama'a nauyin yin gyara daidai gwargwado saboda masu buƙata ta musamman, kuma tun kafin su zo zai yi tanadin, ba sai wani ya maƙale a ƙofa ba. Yaya suke haɗa biyun?

Na farko, ƙofa. A gandayen ana kiwon tumaki da shanu, wasu har da barewa, don haka akwai shinge. A al'adance, inda hanya ta haɗu da shinge sai a sa 'yar matakalar katako da mutum zai taka ya tsallaka. Ga mai keke, nan tafiya ta ƙare. Ƙa'idarsu mai lamba BS 5709 ta ce a zaɓi abin da ya fi sauƙin wucewa: in babu dabbar da za ta fita, a bar wurin a buɗe, in akwai, a sa ƙofa mai faɗi, matakala ita ce zaɓin ƙarshe. Wasu ƙofofin ana buɗe su gaba ɗaya da wani makulli da ake kira RADAR, wanda masu buƙata ta musamman ke riƙewa, shi ne kuma ke buɗe banɗakunan da aka keɓe musu.

Na biyu, abin da aka shimfiɗa a hanya. Tsakuwar da aka watsa sako-sako tana da kyan gani, amma ƙananan tayoyin gaba na keke nutsewa suke yi a ciki, kamar yadda suke yi a yashi. Sai suke amfani da tsakuwa mai haɗe da gari, a jiƙa ta a danne da injin har ta kama jikinta. Inda akwai taɓo ko saiwoyi sai a ɗora gadar katako a kai.

Na uku, gangara. Nan lissafi ne. Mafi tsananin hawan da aka yarda da shi ga ɗan gajeren wuri shi ne 1 cikin 12, wato duk tashin mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12. Doguwar hanya kuwa an fi so kada ta wuce 1 cikin 20. Idan matakala uku ce mai tsayin santimita 45, gangaren da zai maye gurbinta sai ya kai mita 5.4 aƙalla. Ku tuna irin guntun simintin da ake mannawa a gefen matakala a ce an yi wa guragu hanya. Wanda ya hau shi kaɗai, baya zai kifa.

Na huɗu, inda tudu ya fi ƙarfin gyara, sai a canza abin hawan. Akwai wani keke mai batir da tayoyi huɗu masu ƙarfi, sunansa Tramper, yana bin ciyawa da taɓo da hawa. A wurare da dama ana ba da aronsa, yawanci sai ka yi magana kafin ranar zuwanka.

Na biyar, kuma shi ya fi arha, shi ne faɗin gaskiya. Ana wallafa bayanin hanya: tsawonta, abin da aka shimfiɗa, inda hawa yake, inda benci da banɗaki suke. A yankin tafkuna na arewacin Ingila har kasa hanyoyi suka yi gida uku: ta kowa, ta mafi yawan mutane, da ta wasu kaɗan. Mutum na zaune a gida zai san ko ya fito ko kada ya ɓata kuɗin mota. Kuma kada a ɗauka komai ya gyaru a can. Har yanzu akwai hanyoyin da keke ba ya bi, musamman lokacin sanyi da ruwa ke jiƙa ƙasa.

Babban darasin da na ɗauka shi ne abin kamar sarƙa yake. Wurin ajiye mota, ƙofa, hanya, wurin hutawa, banɗaki. Guda ɗaya ya tsinke, sauran sun tashi a banza. Kuma gyaran ba mai keke kaɗai yake yi wa amfani ba. Tsoho mai sanda, mai juna biyu, da ɗalibin da ya karye a filin ƙwallo duk suna ciki.

Mu ma muna da doka. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a farkon 2024.

Don haka ga roƙona ga ƙungiyar ɗalibai. A samu tef na awo, a nemi 'yan'uwanmu masu keke da masu sanda su ja gaba, a bi hanya daga hostel zuwa ɗakin karatu, zuwa masallaci da coci, zuwa inuwar darbejiyar da muke zama muna jiran lacca. A rubuta duk inda aka tsaya. 'Yan sashen gine-gine da na safiyo, wannan aikinku ne, kun fi ni sanin awo. Jerin sai a kai wa hukumar makaranta.

Ni dai na koma wancan wurin shaƙatawar da tef ɗina. Da an matsar da ƙarfe ɗaya da tafin hannu biyu, da kekensa ya wuce. Da na gaya wa Yaya sai ya yi dariya ya ce, "To yashin fa, ƙanina?" Na ce shi ma yana cikin babi na huɗu.