Leadway: Kamfanin Inshorar da Aka Haifa a Kaduna

An kafa kamfanin inshora na Leadway Assurance a Kaduna a shekarar 1970, ya kuma fara aiki a 1971. Marigayi Hassan Olusola Odukale ne ya kafa shi, a lokacin da kamfanonin Turawa ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa a Najeriya. Da inshorar motoci ya fara, abin da ya dace da garin da ke cike da ma'aikatan gwamnati, sojoji da masaƙu. Har yau ofishinsa na rajista yana kan titin Constitution a Kaduna, ko da yake daga Legas ake tafiyar da harkokinsa.

A hankali ya shiga inshorar rai da ta gobara da ta kayan sufuri, ya buɗe reshen kula da kuɗin fansho, ya kuma tsallaka har Kwaddibuwa. Cikarsa shekara 50 ta faɗo a 2020, shekarar annobar korona da tarzomar EndSARS, wadda ta jawo wa kamfanonin inshora neman diyya mai yawa.

Tsarin aikin inshora ba shi da wuyar fahimta. Mutane da yawa ne ke zuba ɗan kuɗi a asusu guda, wanda tsautsayi ya faɗa wa sai a biya shi daga ciki, kusan yadda 'yan kasuwa ke haɗa gudummawa idan shagon ɗan'uwansu ya ƙone. Duk da haka, abin da inshora ke samarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Najeriya ba. Ga yawancin direbobin da ke lodi a Kawo, Kaduna, inshora takarda ce da ake nuna wa ɗan sanda a hanya. Daga Janairun 2023 kuɗin wannan takarda ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, iyakar diyyar ɓarnar dukiya kuma ta koma naira miliyan 3. Abin takaici, masu mota da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba, wasu ma ta bogi suke saya.

Akwai kuma batun addini. Malamai da dama na ganin riba da rashin tabbas a cikin inshorar zamani, shi ya sa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz suka shigo kasuwa.

Dokar gyaran inshora ta 2025 ta ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan 10 ga inshorar rai, biliyan 15 ga inshorar da ba ta rai ba. Babban kamfani irin Leadway ba zai sha wuyar wannan kamar ƙanana ba. Aikin da ya fi masa nauyi shi ne shawo kan manomi da ɗan kasuwar Arewa cewa ranar da ambaliya ko gobara ta zo, za a biya su ba tare da jan ƙafa ba.