Tseren keken Lahadi: tun daren Asabar ake cinsa

Kun san yadda ƙarshen mako yake a garuruwanmu. Asabar da safe ɗaurin aure, da hantsi a leƙa gidan suna, da la'asar a je gaida majinyaci, da dare kuma a haɗu a fada a ɗora shayi. Matashin da ya ba da sunansa a tseren keke na safiyar Lahadi, duk hidimomin nan suna kansa, domin shi ba ƙwararre ba ne da ake biya ya yi horo ya kwanta. Tela ne, ko ɗan lakwal, ko yaron shago, ko mai faci. To me ya sa sau da yawa wanda kowa ya san ya fi ƙarfi a unguwa ba shi ke zuwa na ɗaya ba, wani lokacin ma sai dai a ɗauko shi a galabaice?

Amsa ta farko ita ce iska. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, mafi yawan ƙarfin mai gudu da keke wajen ture iska yake ƙarewa. Wanda ya laɓe daf da tayar bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Shi ya sa za ku ga ƴan tsere sun dunƙule wuri guda, suna karɓa-karɓa: wannan ya ja gaba na ɗan lokaci, ya kauce, na bayansa ya karɓa. Wanda ya fita shi kaɗai tun farko don a yi masa tafi, galibi kafin rabin hanya an cim masa an wuce.

Haka abin yake har a manyan gasa. A Tour du Faso, da maƙwabtanmu na Burkina Faso suka fara a 1987, ƙungiya-ƙungiya ake shiga, wasu su tare iska, wasu su ɗauko ruwa, don mutum ɗaya ya isa ƙarshe da sauran ƙarfinsa. Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritriya, wanda ya ci zango uku a Tour de France na 2024 har ya tafi gida da koriyar riga, abokan ƙungiyarsa ne ke kai shi kusa da layi kafin ya saki gudu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke nan abokan da aka kwana ana hira da su, su ne kuma za su iya kai mutum ga nasara idan an tsara tun da wuri wa zai ja, wa zai ƙarasa.

Amsa ta biyu barci ne. Jikin baligi yana son awa 7 zuwa 8. Shayin fada, musamman na farko mai ɗaci, yana kore barci na awoyi bayan an sha. Wanda ya kai ƙarfe 2 na dare yana hira, da safe idonsa a buɗe amma hannunsa ba ya saurin kama burki. A cikin cunkoson kekuna, inda tsakanin taya da taya bai kai kamu ɗaya ba, jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya zubar da mutum biyar. Ba a ce a yanke zumunci ba. A je ɗaurin aure, a yi barka, a zauna fada, amma bayan sallar isha'i ɗan tsere ya yi sallama. Abokin kirki shi ke cewa: "Malam, tashi ka je ka kwanta, gobe muna bakin hanya."

Sai ruwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai, kuma mai tuƙa keke da ƙarfi yana iya zubar da gumi lita guda ko fiye a awa ɗaya. Ɗauki misalin Damagaram zuwa Mirya, kimanin kilomita 18: zuwa da dawowa zai ci wa ɗan koyo fiye da awa guda. Don haka tun ranar Asabar ake fara shan ruwa sosai. Da safe a sha koko ko kunu kamar awa biyu kafin tashi, a sa dabino a aljihu, a riƙa kurɓar ruwa a hanya ba sai ƙishi ya kama ba. Wanda ya yi gumi da yawa, haɗin nan da iyaye mata suka sani yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Idan aka ga ɗan tsere yana tangaɗi, yana amai, ko maganarsa ta rikice, zafi ne ya buge shi, kuma yana iya kisa. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Akwai abin da ba a son faɗa a fili: tramol. Wasu suna haɗiya wai don kar su ji gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, zafin ciwo kawai take dannewa, ga jiri da gyangyaɗi, wani ma ta sa shi farfaɗiya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta ta a gasa tun 2019. Ita ce kuma ta wajabta wa ƙwararru hular kwano a 2003, bayan da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi a gasar Paris-Nice ya rasu sakamakon bugun kai.

Masu shirya tsere su ma da nasu nauyi. A tashi da sanyin safiya. A nemi izinin magajin gari, a sanar da ƴan sanda ko jandarma su tsare mararraba, domin hanya ɗaya ake rabawa da manyan motoci, ƴan kabu-kabu da amalanke. A samu babur mai bin baya da ruwa da kayan ɗaurin rauni. Kowa ya duba burkinsa, kaca da iskar taya tun yammacin Asabar, ba a bakin layi ba.

Ƴan uwa da ke Kano, Legas, Akara, Abijan ko Aljeriya, idan ƙane ya kira yana neman taimakon shiga tsere, a fara da kuɗin hular kwano da gyaran burki kafin riga mai kyau. Mu kuma na gida mu fito mu yi tafi, mu janye yara da awaki daga bakin kwalta. Allah Ya sa a tashi lafiya a sauka lafiya, da yamma a koma fada a yi labari.