Tsabtace Akurki Da Kejin Kaji

Idan hunturu ya shigo ƙasar Kazaure, tun daga Gwiwa har Roni, wuya ne a sami ƙauyen da ba a yi asarar kaji ba. Mutum ya kwana da kaji ashirin, kafin mako ya zagayo sai biyu. Galibi cutar nan ce da likitocin dabbobi ke kira Newcastle: kaza ta riƙa gyangyaɗi, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe. Mutane na ɗora wa iska laifi, amma sau da yawa cutar tana zaune ne a cikin kashin da ya daskare a ƙasan akurki.

A Vom ta ƙasar Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a 1924, ake yin allurar rigakafin wannan cuta. A irin waɗannan ɗakunan bincike ana kiwon ɓeraye da zomaye da kaji don gwajin magani, kuma wanke kejinsu aiki ne mai ƙa'ida. Akan raba wurin wanki gida biyu, gefen ƙazanta da gefen tsabta, ba a barin kayan wannan su haɗu da na wancan. Akan kankare kejin, a wanke shi da ruwa mai zafin digiri 82, sa'an nan wanda ake so ya tsarkaka sarai a sa shi cikin tukunyar tururi mai digiri 121, minti 15 ko fiye. Dalili kuwa, in ɓera ya mutu, lalle a san maganin ne ya kashe shi ko ƙazantar keji.

To, manomi ba shi da tukunyar tururi, amma yana da wuta da rana. Abin da ya fi muhimmanci ya ɗauka daga wurinsu shi ne bin aikin daki-daki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa datti. Kashin kaji yana cinye ƙarfinsa tun bai kai ga ƙwayar ba. Wanda ya yayyafa magani a kan busasshen kashi ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Saboda haka sai a fitar da kajin, a ɗan yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare ƙasa da bango da sandar da suke kwana. Bayan haka a wanke da sabulu, a ɗauraye, sa'an nan a zuba ruwan bilic, awo ɗaya cikin tara na ruwa, a bar shi ya jima kamar minti goma. Kada a gauraya shi da wani magani, warin da zai tashi yana sarƙe numfashi. A shanya a rana har ya bushe ƙayau.

Akurkin laka ba ya son ruwa. Shi sai a cusa masa tattaka a cinna wuta, nesa da danga da rumbu, don kaska da ƙuma da ke ɓoye cikin tsagewar bango su ƙone. In ya huce a yaɓe tsagewar, a shafa farar ƙasa. Idan annoba ta riga ta shiga, a binne matattun da zurfi, a bar akurkin wofi mako biyu ko uku.

Sai maganar fatake. Kejin da ke yawo kasuwa kasuwa yana ɗaukar kajin gida goma a rana guda, ga shi ba safai ake wanke shi ba. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna da Kano a 2006 ake jan kunnen 'yan kaji a kan wannan. Wanda ya sayo kaza a kasuwa ya ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin nasa, kejin kuwa ya tsaya a waje.

Wanki ba ya hana yin rigakafi. Tun kaka, kafin iska ta juya, ya kamata mai kaji ya nemi malamin dabbobi na yankinsa a ɗiga musu maganin.