Ƙofa Mai Lamba 873: Sauyin da Ya Samu Hanyar Haɗa Kwamfutoci Don Daidaita Fayiloli

A shekarar 1996 ne Andrew Tridgell da Paul Mackerras, a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Canberra, suka fitar da wata manhaja mai suna rsync. Matsalar da suka so magancewa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa aiki da intanet mai jan ƙafa. Kana da babban fayil a kwamfuta ɗaya, akwai tsohon kwafinsa a wata kwamfutar mai nisa, ka gyara layi biyu kacal a ciki. Me zai sa sai ka sake aika fayil ɗin dungurungum?

Dabarar da suka ɓullo da ita tana da kyau ƙwarai. Kwamfutar da ke riƙe da tsohon kwafi takan yanka shi gunduwa-gunduwa, ta lissafa wa kowace gunduwa lambobin tantancewa guda biyu, ɗaya mai sauƙin lissafi, ɗaya mai ƙarfi, ta aika lambobin kawai. Mai sabon kwafi sai ta bi fayil ɗinta tana neman inda lambobin suka dace. Abin da ya dace ba a sake aika shi, bambancin kaɗai ke bin waya. Kusan shekara 30 ke nan wannan dabara tana aiki, kuma ba ita ce ta tsufa ba. Abin da ya sauya shi ne yadda kwamfutocin biyu ke samun juna tun kafin a fara aika komai: wacce ce za ta zauna tana saurare, wacce ce za ta zo ta ƙwanƙwasa, kuma da me za su shaida juna.

Tun da daɗewa rsync na da hanyoyi biyu. A ta farko, ana girka ta a uwar garke ta zama manhaja mai zaman jira, tana aiki a bayan fage dare da rana, tana saurare a ƙofa mai lamba 873. Mai kula da na'urar yakan rubuta fayil ɗin saiti mai suna rsyncd.conf, ya rarraba ajiyarsa sashe-sashe, kowane sashe da sunansa da foldar da yake nuni gare ta. Idan ya ga dama ya ƙara sunayen waɗanda aka yarda su shiga, ya ajiye kalmomin sirrinsu a wani fayil daban, ya kuma iyakance adireshin kwamfutocin da za a saurara. Kwamfuta mai neman fayil sai ta ambaci sunan uwar garke da sunan sashe, da aya mai ruwa biyu sau biyu a tsakaninsu. A hanya ta biyu babu mai zaman jira na rsync ko kaɗan. Mai nema yakan shiga ta SSH, manhajar shiga kwamfuta daga nesa wadda ke saurare a ƙofa ta 22, a tabbatar da ko shi wane ne, sannan a tayar da rsync a can ɓangaren don wannan aikin kawai, in an gama ta rufe. A rubuce, bambancin hanyoyin biyu bai wuce aya mai ruwa biyu guda ɗaya ba, amma a wajen tsaro tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Yanayin da ake gani yanzu shi ne masu kula da kwamfutoci suna barin hanya ta farko idan bayanan na sirri ne, suna komawa SSH, ko kuma manhajoji irin su Syncthing waɗanda suka rushe rabon uwar garke da mai nema gaba ɗaya. Dalilan suna da yawa, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi nauyi yana cikin saitin da manhajar ke zuwa da shi. Sashen da ba a rubuta masa jerin masu izini ba, kowa na iya karanta shi. Kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 873 ba tare da ambaton wani sashe ba, manhajar za ta jero masa sunayen sassan da ke akwai, sai dai in an hana ta. Wannan ba sakaci ba ne daga waɗanda suka rubuta ta. An tsara hanyar ne domin rarraba abin da ake so kowa ya samu, kamar manhajoji na kyauta. Matsala ta taso ne lokacin da ma'aikatu suka ɗauki kayan aikin rabawa jama'a suka mayar da shi na ajiyar sirri, suka ɗauka cewa tunda ba wanda ya san adireshin na'urarsu, ba wanda zai zo. Alhali akwai injunan bincike irin su Shodan da ke zagaya adireshin intanet suna ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta waɗanda suka amsa.

Sakamakon ya bayyana a fili. A watan Maris na 2017 mai binciken tsaro Chris Vickery ya bayyana cewa ya tarar da ajiyar kamfanin River City Media na Amurka a buɗe ta hanyar rsync, ɗauke da adireshin imel sama da biliyan 1.3. A Yulin 2018 kamfanin UpGuard ya ba da rahoton gano gigabait 157 na bayanai a uwar garken Level One Robotics na Kanada, cikinsu har da takardun sirri na kamfanonin ƙera motoci irin su Toyota, Ford, Volkswagen da Tesla. A Janairun 2019 kuma aka bayyana cewa Hukumar Kula da Hannayen Jari ta jihar Oklahoma ta bar kusan terabait 3 a buɗe ta wannan hanyar, har da fayilolin da suka shafi binciken hukumar FBI. A duk waɗannan ba wanda ya fasa komai. An zo an tambaya ne, manhaja ta ba da abin da aka tambaya, kamar yadda aka saita ta.

Ko da mai kula ya yi ƙoƙari ya sa kalmar sirri, akwai gibi na biyu. Manhajar mai zaman jira ba ta aika kalmar sirri tsirara, tana amfani da tsarin tambaya da amsa na lissafi, amma fayilolin kansu suna bin hanya ba lulluɓi. Duk wanda ke tsakani, ko a kan wayarles ɗin otal ko a wata na'urar da ke kan hanya, yana iya karanta su. Tun daga sigar 3.2.0 ta shekarar 2020 ana girka wani ɗan taimako mai suna rsync-ssl tare da manhajar, amma shi ma sai an kafa wata manhajar daban a gaban uwar garke ta riƙa lulluɓe zirga-zirgar. Mutumin da aka ce ya yi wannan ƙarin aiki, alhali SSH na nan a kan na'urarsa tana yin duka biyun, tantancewa da lulluɓewa, ba wuya a gane abin da zai zaɓa. Masu rsync kansu sun nuna inda suka karkata tun a sigar 2.6.0 ta farkon 2004, lokacin da suka mayar da SSH hanyar da manhajar ke bi idan ba a faɗa mata wata ba.

Sai kurakuran da ke cikin manhajar kanta. A Disambar 2003 an kutsa cikin ɗaya daga cikin uwayen garken da ke rarraba Gentoo Linux ta wani kuskure a rsync, aka yi gaggawar fitar da sigar 2.5.7. Bayan shekara 21 abin ya maimaitu da wata fuskar. A tsakiyar Janairun 2025 aka bayyana kurakurai shida, yawancinsu masu bincike na Google ne suka gano su, aka fitar da sigar 3.4.0 don toshe su. Mafi muni, mai lamba CVE-2024-12084, an ba shi maki 9.8 cikin 10. Idan aka haɗa shi da wani daga cikin shidan, mutumin da ke da izinin karatu kawai, irin wanda ake ba kowa a rumbunan jama'a, yana iya sa uwar garke ta gudanar da umarninsa. Rahotannin lokacin sun ce binciken Shodan ya nuna na'urori sama da 660,000 da ke da rsync a buɗe ga intanet. Wani abin da ya kamata a lura da shi a wancan jerin shi ne haɗarin bai tsaya ga uwar garke ba. Wasu daga cikin kurakuran suna ba muguwar uwar garke damar karanta ko rubuta fayiloli a kwamfutar da ta zo neman kaya. Ashe mai ƙwanƙwasawa ma yana buƙatar sanin ƙofar wa yake tsaye.

Akwai kuma dalilin da bai shafi tsaro ba sam, kuma ni a ganina shi ya fi tasiri a kan talakan mai amfani. Tsarin mai zaman jira ya ginu ne a kan zaton cewa uwar garke tana da adireshi tabbatacce wanda za a iya samu daga ko'ina. Adireshin IPv4 sun yi ƙaranci. Hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta a Fabrairun 2011, kuma kamfanonin sadarwa da yawa sun koma cusa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya. Wanda ke samun intanet ta layin wayar salula, kamar yadda akasarin mutane ke yi a Kano ko Maraɗi, galibi ba shi da ƙofar da wani daga waje zai iya ƙwanƙwasawa, ko da ya so buɗewa. Kuma na'urorin da mutane ke son daidaitawa yau ba manyan kwamfutoci ne da ke kunne dare da rana a ɗaki mai sanyi ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce da waya, masu sauya adireshi sau da yawa a yini, masu mutuwa in caji ya ƙare.

Amsoshi biyu suka fito. Dropbox, wanda Drew Houston da Arash Ferdowsi suka kafa a 2007, ya ɗauke wa mutane aikin saiti baki ɗaya: kowace na'ura ita ke fita ta nemi uwar garken kamfanin, don haka ba a buƙatar buɗe ƙofa a gida. Nextcloud, wanda Frank Karlitschek ya fara a 2016 bayan barinsa ownCloud, ya bi irin wannan fasali amma uwar garken taka ce. Amsa ta biyu ita ce ta Syncthing, wadda Jakob Borg ya fara a 2013. A nan kowace na'ura na ƙirƙirar takardar shaidarta ta lissafi, daga cikinta a fitar da wata doguwar lamba wadda ita ce sunanta. Na'urori biyu ba sa musayar komai sai kowacce ta karɓi lambar ɗayar. Suna saurare a ƙofa ta 22000, suna neman juna a cikin gida ta ƙofa ta 21027, kuma duk abin da ke tsakaninsu a lulluɓe yake. Babu yanayin da sashe zai zauna a buɗe ga kowa don an manta da layi ɗaya a fayil ɗin saiti.

Ribar wannan sauyi a bayyane take, amma tana da farashinta. Na'urori biyu da ke bayan adireshin haɗaka ba za su iya samun juna ba sai da na uku. Syncthing na dogara da uwayen garke na nemo adireshi, da kuma na'urorin miƙa saƙo waɗanda 'yan sa-kai ke gudanarwa. Waɗannan ba sa iya karanta fayilolin, amma suna ganin adireshin wa ke magana da wa, da yawan abin da ya wuce, kuma saurin aiki ta hanyarsu yakan ragu. Mai Dropbox kuwa ya miƙa ajiyar kanta ga kamfani. Wato uwar garke ba ta ɓace ba, ta koma hannun wasu ne, kuma mai amfani sau da yawa bai san yana dogaro da ita ba. SSH ma ba ta kuɓuta ba. Aikin da ake so ya riƙa gudana da kansa da tsakar dare yana buƙatar mabuɗin da ba shi da kalmar sirri, kuma irin wannan mabuɗi, in ba a taƙaita shi ba, yana ba mai riƙe da shi ikon yin komai da asusun. Shi ya sa rsync ke zuwa da wani ɗan rubutu mai suna rrsync, wanda ke ɗaure mabuɗi ga folda ɗaya da aiki ɗaya. Mutane da yawa sun gudu daga buɗaɗɗiyar ƙofa ta 873 sun faɗa cikin mabuɗin SSH mara iyaka, suna ganin sun tsira.

Ban ga dalilin yi wa mai zaman jira jana'iza ba. Inda aka gina ta domin shi, har yanzu tana da amfani sosai. Rumbunan kwafi na Debian da na CPAN da ke warwatse a duniya suna daidaita kansu da rsync, domin abin da ake rabawa na jama'a ne, kuma ingancin kunshin Debian ana tabbatar da shi ne da sa hannun lissafi, ba da amincin hanyar da ya biyo ba. Haka nan a cikin gida, tsakanin na'urori biyu da ke bayan katangar tsaro, ko a cikin rufaffiyar hanya irin ta WireGuard wadda ta shiga ƙwayar Linux a 2020, tana aiki da sauri ba tare da buɗe wa kowa asusu ba. Sharaɗin shi ne a ɗaure ta ga adireshin cikin gida, a sa jerin masu izini, a hana jero sassa, a kuma riƙa sabunta ta.

Tasirin da ya fi damuna shi ne wanda sauƙin ya haifar a tunanin mutane. Da yake daidaita fayiloli ya zama abin danna maɓalli biyu, da yawa sun ɗauke shi a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Ba haka ba ne. Manhajar daidaitawa amanarta ita ce ta sa ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya, don haka idan ka goge fayil bisa kuskure, ko manhajar garkuwa da bayanai ta kulle maka folda, za ta kai wannan ɓarnar ɗaya ɓangaren cikin biyayya. A rsync zaɓin --delete ke yin haka. A Syncthing ajiye tsofaffin sigogin fayil ba a kunne yake ba sai mutum ya kunna da kansa.

A nan ne tambayar wa ke kiran wa take da muhimmanci fiye da ko'ina. Idan kwamfutar aiki ce ke tura fayiloli zuwa ma'ajiya, to tana riƙe da izinin rubutu a can, kuma duk wanda ya kama ta ya kama ma'ajiyar. Idan kuwa ma'ajiyar ce ke zuwa ta jawo, da mabuɗin karatu kawai, kwamfutar aiki ba ta da hanyar taɓa abin da aka riga aka adana. Idan aka haɗa wannan da zaɓin --link-dest, kowace rana tana samun foldarta daban, fayilolin da ba su sauya ba kuma ba sa cin sabon wuri a faifai, ta yadda kwafin jiya da na makon jiya suna nan ko da na yau ya zo a lalace.